Fiɗar rage ƙiba: fargabar jajibirin aiki da maganinta

Tun da daɗewa ƙiba shaidar wadata ce a kasuwanninmu da ma'aikatunmu. Amma ranar da ciwon sukari, hawan jini da ciwon gwiwa suka taru a jiki guda, har mutum ya kasa hawa bene ba tare da haki ba, sai lissafi ya canja. A nan ne wasu ƴan kasuwa da ma'aikata masu hali suke fara tunanin fiɗar rage ƙiba, wadda ake zuwa yi a ƙasashe irin su Faransa, Tunusiya da Turkiyya. To amma da zarar an tsaida rana, sai barci ya ƙaurace wa ido: shin zan farka daga allurar barci? Wa zai riƙe mini gida in abin ya zo da ƙarar kwana?

Wannan fargaba ba ragwanci ba ce. Sai dai iri biyu ce, kuma wajibi ne mai shirin aiki ya san wadda take damunsa.

Tsoron wuƙa

Ta farko ita ce tsoron wuƙa da allurar barci, kuma maganinta sani. Aikin ba sabo ba ne. Tun cikin shekarun 1960 likitan fiɗa Edward Mason ya soma karkata hanyar abinci a jihar Ayowa ta Amurka. Daga shekarun 1990 aka koma yin aikin ta ƴan ƙananan huji da na'urar hangen ciki, ba tare da an tsaga ciki baki ɗaya ba. Aikin da aka fi yi a yau shi ne wanda ake cire wajen kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi, a bar shi siriri kamar ayaba. Yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. A asibitocin da suka ƙware, waɗanda suke rasuwa cikin watan farko ba su wuce mutum 1 zuwa 3 cikin 1000 ba, wato kusan haɗarin cire maɗaciya. Haka kuma wani dogon bincike da aka soma a ƙasar Suwidin a 1987 ya nuna, a sakamakonsa na 2007, cewa mutuwa ta ragu a cikin waɗanda aka yi wa aikin in aka gwada su da masu irin ƙibarsu da ba a yi wa ba.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Kafin ganawa da likitan fiɗa da mai allurar barci, a rubuta tambayoyi a takarda: sau nawa ya yi irin wannan aiki? Waɗanne magunguna zan dakatar? Wa zan kira in matsala ta taso da dare? A kuma faɗa musu gaskiya: minshari mai tsanani, taba, da duk wani sauyi ko jiƙo da ake sha.

Sauran makonnin a cika su da aiki maimakon zullumi. A bar taba aƙalla mako 6 kafin ranar. A bi ƙa'idar abincin da likita ya tsara, wadda sau da yawa ta mako 2 ce, domin hanta ta rage girma a samu sararin aiki. A riƙa tattaki kullum. In ƙirji ya ɗau bugu da dare, a ja numfashi a hankali ta hanci, a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja, har zuciya ta lafa. Addu'a da sallamar iyali da daidaita lissafin shago ko na ofis su ma suna sauke nauyi.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ɓoye wannan aiki ga kowa saboda kunyar surutun mutane yana ninka fargaba. A sami mutum guda amintacce, mata ko miji ko ɗan'uwa, wanda zai san komai, ya kuma yi rakiya.

Tsoron da ya kamata a saurara

Fargaba ta biyu ta fi muhimmanci: ita ce wadda take zuwa domin shiri bai cika ba. Ba kowane mai teɓa ne ya cancanci aikin ba. Likitoci suna raba nauyi da tsawo sau tsawo: mai kilo 120 da tsawon mita 1,70 yana da awo 41 da ɗoriya. Ƙa'idar da aka kafa a Amurka a 1991 ita ce awo 40, ko 35 in akwai wata cuta tare. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta ta. A Faransa, hukumar lafiya tana neman shiri na aƙalla wata 6, tare da likitan abinci da na ƙwaƙwalwa.

Saboda haka duk wanda aka ce masa ya sauka Litinin, a yi aiki Talata, ya koma gida ƙarshen mako, in zuciyarsa ta ƙi kwanciya, to gaskiya take faɗa masa. Sauri ya kan haifi nawa. Bayan aiki akwai makonni na ruwa-ruwa da abinci mai laushi, akwai ƙwayoyin bitamin na tsawon lokaci, wani har iyakar rai, da awon jini a kai a kai. Mace kuma ana so ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Zazzaɓi, bugun zuciya mai sauri ko ciwon ciki mai tsanani a kwanakin farko na iya nuna ɗinki ya yi yoyo, kuma ba su jiran gari ya waye. Wane likita ne a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa zai karɓi takardunka ya bi lafiyarka? In babu amsar wannan tambaya, ɗage rana ya fi, ko da an riga an biya kuɗin jirgi.

Wanda ya sami amsoshinsa, ya shirya jikinsa da gidansa, ɗan tsoron da ya rage masa a daren jajibiri na kowa ne. Ya faɗa wa mai allurar barci, domin akwai maganin kwantar da hankali da ake bayarwa in da bukata.