Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Alawus ɗin Manya da Kukan Ƙanana a Gidajen Jarida

Duk wanda ya san garin Jos ya san dogon benen nan da ake kira Gidan Joseph Gomwalk, mazaunin jaridar The Nigeria Standard. A 1972 gwamnatin Jihar Binuwai-Filato, ƙarƙashin Gwamna Joseph Gomwalk, ta kafa jaridar domin mutanen yankin su samu inda za su faɗi albarkacin bakinsu, ba sai sun jira Legas ko Kaduna ta yi magana a madadinsu ba. Gogaggun 'yan jarida sun yi aiki a gidan, cikinsu har da Dan Agbese, wanda ya riƙe kujerar edita kafin daga baya su kafa mujallar Newswatch tare da Dele Giwa da Ray Ekpu da Yakubu Mohammed. A 2022 jaridar ta cika shekara 50, ta kuma tsallake ramin da ya haɗiye takwarorinta da dama.

Sai dai idan ka zauna da 'yan jarida a Jos, na gwamnati ne ko masu aika wa jaridun Abuja da Legas labari, hirar tarihi ba ta daɗewa sai ta gangaro kan albashi. Za ka ji ana lissafin watannin da ake bi, da ariyas ɗin ƙarin girma, da giratutin wane da ya yi ritaya har yau shiru. Can sai wani ya kawo maganar da ta fi ci musu rai: an ce babu kuɗi, amma motar oga ba ta taɓa kwana babu mai ba.

Wasu na ɗaukar wannan ƙorafi hassada ce kawai ta na ƙasa ga na sama. Ni ban yarda da haka ba. Ma'aikaci ya san manaja zai fi shi albashi, bai kuma ce a daidaita su ba. Abin da ke damunsa shi ne, idan kuɗi suka yi ƙaranci, wa ake fara sallama, wa ake ce wa ya yi haƙuri.

Albashi kaɗan ne daga abin da babba ke samu

A kamfanonin ƙasar nan, na gwamnati da masu zaman kansu, albashin da aka rubuta wa shugaba a takarda ba shi ne ainihin samunsa ba. Akwai motar ofis da direba da man fetur. Akwai gida ko kuɗin haya, da mai gadi, da man janareta. Akwai alawus na tafiye-tafiye, wanda ake lissafawa da kwana, da na zaman hukumar daraktoci, da kuɗin karɓar baƙi. A gidan jarida kuma akwai wata kafa ta daban, wato kamashon talla. Manyan shafukan taya murna da na ta'aziyya da gwamnatoci da 'yan siyasa ke saya, galibi ta hannun manya suke shigowa, don su ne ke da lambar kwamishina.

Yawancin waɗannan abubuwa ba a rubuta su a layin albashi, ana zuba su ne cikin kuɗin gudanar da ofis. Saboda haka ko albashi ya tsaya wata uku, su ba sa tsayawa, tunda ofis ba ya rufewa. Manaja zai iya rantsuwa cewa shi ma ba a biya shi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Amma shi an ɗauke masa kuɗin mota da na haya da na wuta, mai karanta gyara kuwa da albashin nan kaɗai yake yin duka ukun, ya kuma biya kuɗin makarantar yara.

Gwamnatin Obasanjo ta gane wannan matsala a 2003, lokacin da ta fito da tsarin mayar da irin waɗannan alfarma zuwa tsabar kuɗi a cikin albashi, domin a rage ɓarnar motoci da gidajen gwamnati. Ba a daɗe ba motocin ofis suka dawo ta bayan gida a ma'aikatu da yawa.

A jaridar gwamnati akwai ƙarin wani abu. Gwamna ne ke naɗa janar manaja, shi ke cire shi, kuma daga baitulmalin jiha tallafin albashi ke fitowa. Wanda aka naɗa ta wannan hanya, hankalinsa ya fi karkata ga Gidan Gwamnati fiye da ɗakin labarai. Ranar da jiha ta gaza biyan ma'aikata, kamar yadda Filato da jihohi da dama suka yi a 2015 har sai da gwamnatin tarayya ta ba su rancen ceto, 'yan jaridar gwamnati ma suna cikin masu jira, alhali su ne ake sa ran su rubuta cewa komai na tafiya daidai.

Wa ke shan bugun?

A leƙa gidan jarida da ƙarfe goma sha ɗaya na dare a watan Disamba, lokacin da sanyin Jos ke ratsa ƙashi. Fitilar ofisoshin sama a kashe take. A ƙasa, mai tsara shafi na gaban kwamfuta da hular sanyi, yana jiran labarin ƙarshe. Mai karanta gyara ya duƙufa da jan biro yana farautar harafin da ya kuɓuce a sunan wani basarake, don ya san kuskure ɗaya zai iya jawo masa takardar tuhuma da safe. Masu injin buga jarida hannunsu baƙi ƙirin da tawada. Idan aka tashi, babu keke-napep a kan titi, sai mutum ya haɗa kujeru biyu ya kwanta har gari ya waye.

Wakili kuwa nasa ya wuce sanyi. Jos ta ga rikici a Satumban 2001, da Nuwamban 2008, da Janairun 2010, kuma a kowane lokaci, yayin da jama'a ke gudu gida, ɗan jarida ne ke nufar inda hayaƙi ke tashi. A Afrilun 2010 an kashe 'yan jarida biyu na jaridar The Light Bearer a cikin garin suna kan hanyar aiki. Da yawa daga masu wannan kasada ba su da inshora, wasu ma ba su da takardar ɗaukar aiki, ana biyansu ne gwargwadon labarin da aka buga.

Ga tsadar rayuwa. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin zuwa Bukuru ko Barikin Ladi neman labari ya ninka, kuma sau tari daga aljihun wakili yake fita.

Mai karatu ne ke biyan bashin

Akwai maganar da ake yawan ji a wannan sana'a, cewa wasu masu gidajen jarida kan ce wa sabon wakili: ga katin shaida nan, je ka nemi na kanka. Ma'anarta a fili take. Bayan taron manema labarai, jami'in hulɗa da jama'a zai tsaya a bakin ƙofa da takardar sunaye da ambulan, kowa ya sa hannu ya karɓi "kuɗin mota". Dokar ɗa'ar aikin jarida da aka amince da ita a Ilorin a 1998 ta hana neman abin hannu ko karɓarsa domin buga labari ko danne shi. Amma mutumin da ya yi wata huɗu ba albashi, da wane ƙarfi zai mayar da ambulan? In baki ya ci, dole ido ya ji kunya.

Sashe na 22 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kafafen labarai nauyin sa ido kan gwamnati a madadin jama'a. A gari irin Jos, inda jimla ɗaya da aka karkatar za ta iya tayar da unguwa, ɗan jaridar da yunwa ta sa ya zama ɗan amshin shatan wani haɗari ne ga kowa.

Ba a nan kaɗai ba

A Kaduna, jaridar New Nigerian da aka kafa a 1966, wadda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta Zariya ta koma ƙarƙashinta, ta durƙushe da bashin albashi a wuyanta bayan an mayar da ita hannun gwamnonin Arewa 19. Tsofaffin ma'aikatanta sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu sun rasu ba su karɓa ba. A Kano, kamfanin jaridar Triumph da Abubakar Rimi ya kafa a 1980 an rufe shi a 2012.

A ƙasashen Turawa ma an gani. Bayan mutuwar Robert Maxwell, mai jaridar Daily Mirror ta Ingila, a 1991, aka gano sama da fam miliyan 400 sun salwanta daga asusun fanshon ma'aikatan kamfanoninsa. A 2004 wani kwamitin bincike ya zargi Conrad Black, wanda kamfaninsa Hollinger ya mallaki Daily Telegraph da Chicago Sun-Times, da cewa shi da muƙarrabansa sun kwashe kusan dala miliyan 400 cikin shekara bakwai. Kotu a Amurka ta same shi da laifin zamba a 2007, ya yi zaman kaso, kafin Donald Trump ya yi masa afuwa a 2019. A New York Times kuwa ba a karya doka ba, amma da shugabar kamfanin Janet Robinson ta sauka a ƙarshen 2011 da sallamar sama da dala miliyan 23, a daidai lokacin da ake neman taɓa fanshon ma'aikata, ɗaruruwansu suka sa hannu a takardar koke. Bambancinsu da mu shi ne, a can an san adadin, domin doka ta tilasta a bayyana. A nan akasarin kamfanonin jarida ba sa buga lissafinsu, sai zargi da raɗe-raɗi su cike gurbin.

A yi wa manaja adalci

Riƙe gidan jarida yau ba wasa ba ne. Masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku a Akwa Ibom ta daɗe da tsayawa, don haka takarda da tawada da kayan gyaran inji duk da dala ake sayowa. Masu talla sun koma Facebook da Google. A wajen mai sayar da jarida a Taminus da ke Jos, mutum goma za su tsaya su karanta kanun labarai su yi muhawara, da ƙyar ɗaya ya saya. Ma'aikatun gwamnati kan buga talla su bar bashi. Wanda ya iya tafiyar da kamfani cikin wannan hali ya cancanci albashi mai tsoka, kuma ba a samun ƙwararre da araha.

Amma wahalar kasuwa hujja ce ta a raba raɗaɗin, ba ta a sauke shi duka kan na ƙasa ba. Dokar ƙwadago ta ce kada tazarar biyan lada ta wuce wata guda. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfanin da ke ƙarƙashinta ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, a kuma tura kuɗin cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Cire kuɗin fansho a ƙi turawa cin amana ne, ko da wane suna aka kira shi. Masallaci da coci duk suna koyar da a biya ma'aikaci haƙƙinsa a kan kari.

Gyaran ba ya bukatar sabon inji. Na farko, a fara biyan na ƙasa: kada a taɓa alawus na manaja ko na hukumar daraktoci a watan da ba a biya direba da mai gyara ba. Na biyu, a bayyana duk abin da shugabanni ke samu, har da mota da gida da kamasho. Amurka tun 2018 da Birtaniya tun 2020 suna tilasta wa manyan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari su faɗi ninki nawa shugaba ya fi ma'aikaci. Jaridar da ake ciyarwa da kuɗin jama'ar Filato ta fi cancantar yin haka, kuma Majalisar Dokokin jiha na da ikon tambaya a lokacin kare kasafi. Na uku, ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ, wadda ke nan tun 1955, ta riƙa kai irin waɗannan ƙararraki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Jos, maimakon ta tsaya kan sanarwar gargaɗi.

Jarida kullum tana tambayar gwamna da ciyaman nawa suka karɓa, ina suka kai. Wannan aikinta ne, kuma muna so ta ci gaba da yin sa ba tsoro. Amma ba za ta iya ba muddin wanda ta tura ya yi tambayar yana bin ta albashin wata huɗu, kuma bai isa ya yi wa ogansa irin wannan tambaya ba.