Daga Filin Jirgin Saman Ikeja Zuwa Ibadan a Jirgin Ƙasa: Me Ya Sa Ake Bi Ta Agege?

Gabatarwa

Hausawa kan ce matambayi ba ya ɓata. Sau da yawa ɗalibi ko ɗan kasuwa ko alhaji yakan sauka a filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja, alhali inda ya nufa shi ne Abekuta ko Ibadan. Ya ji labarin cewa akwai jirgin ƙasa na zamani da ke zuwa can, sai ya ɗauka da ya fito daga filin zai tarar da tasha a bakin ƙofa. Ba haka abin yake ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake haɗa tafiyar, da dalilin da ya sa Agege, tsohon zangon Hausawa, ta zama mahaɗar da ta fi dacewa da matafiyi. Za ta kuma waiwayi wasu kalmomin da wannan tafiya ta bar wa harshen Hausa.

Giɓin da ke tsakanin jirgi da jirgi

An buɗe babban ginin saukar fasinjojin ƙasashen waje na wannan fili a shekarar 1979, kuma an kwaikwayi fasalinsa ne daga filin jirgin Schiphol na birnin Amsterdam a ƙasar Holan. Sai dai akwai abu ɗaya da ba a kwaikwayo ba. A Schiphol tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin ginin filin, matafiyi ya ɗauki jakarsa, ya sauka ƙasa, ya shiga jirgi. A Legas kuwa layin dogo ya wuce ta kusa da filin, amma bai shiga cikinsa ba. Saboda haka dole a yi tafiyar hawa-hawa: mota daga filin zuwa tasha, jirgin ƙasa daga tasha zuwa Ibadan, sannan wata motar zuwa cikin gari.

Ya kamata mai karatu ya san cewa filin yana da ƙofofi biyu masu nisa da juna. Ɓangaren jiragen ƙasashen waje yana fitar da mutum ne ta wajen Oshodi, ɓangaren jiragen cikin gida kuwa ta wajen Ikeja, wanda ya fi kusa da Agege. Haka nan kada baƙo ya dogara da acaɓa, domin tun shekarar 2022 gwamnatin jihar Legas ta hana 'yan acaɓa aiki a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi. Abin da ya rage shi ne tasi, ko motar da ake kira ta waya, ko kuma danfo ga wanda ba shi da kaya mai yawa.

Jirage biyu, hanya ɗaya

A nan ne baƙi suka fi ruɗewa, domin jirage iri biyu ne ke ratsa Agege, kuma kowanne da mai shi.

Na farko shi ne jirgin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, mai zuwa Ibadan. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya shimfiɗa layinsa, mai tsawon kimanin kilomita 157. An fara aikin a 2017, jirgin ya soma ɗaukar fasinja a watan Disamba na 2020, sannan Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi ranar 10 ga Yuni, 2021. Yana tashi ne daga tashar Mobolaji Johnson da ke Ebute Metta, ya tsaya a tashar Babatunde Fashola da ke Agege, ya bi ta tashar Wole Soyinka a Abekuta da tashar Ladoke Akintola a Omi-Adio, ya ya da zango a tashar Obafemi Awolowo da ke Moniya. Tafiyar takan ɗauki awa biyu da rabi zuwa uku.

Na biyu shi ne jirgin cikin gari na gwamnatin jihar Legas da ake kira Jan Layi. Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da shi ranar 29 ga Fabrairu, 2024, ya kuma fara jigila a watan Oktoba na shekarar. Yana zirga-zirga tsakanin Agbado da Oyingbo, tsawon kilomita 27, kuma Oshodi da Ikeja da Agege duk suna cikin tashoshinsa. Da katin Cowry ake biyan kuɗinsa, wato katin da ake shiga manyan bas-bas na jihar da shi. Wannan jirgi ba ya zuwa Ibadan, tikitinsa kuma ba ya aiki a wancan. Amfaninsa ga matafiyinmu shi ne ya tsallakar da shi cunkoson titin Agege, idan lokacin tashinsa ya dace.

Me ya sa Agege?

Dalili na farko na hankali ne. Ebute Metta tana kudu da filin jirgi, Ibadan kuwa tana arewa. Wanda ya tafi Ebute Metta ya koma baya ke nan, ya kutsa cunkoson tsakiyar Legas, don kawai ya shiga jirgin da zai dawo da shi ta Agege. Wanda ya nufi Agege kai tsaye kuwa ya tari jirgin a gaba.

Dalili na biyu na tarihi ne. Turawan mulkin mallaka sun kai layin dogo daga Legas zuwa Ibadan a 1901, jirgi ya isa Kano a 1911, kuma daga 1912 aka haɗa Legas da Kano. Kafin wannan lokaci fatake kan yi watanni a ƙasa da jakuna zuwa Gwanja don sayo goro. Da jirgi ya zo, kuma noman goro ya bunƙasa a ƙasar Yarbawa, har da gonakin da ke kewaye da Agege, sai hanyar cinikin ta juya. Shanu su gangaro daga Arewa, huhunan goro su hau. Tashar Agege ta zama wurin lodi, Hausawa suka kafa zango kusa da ita, da masallatai da makarantun allo da sarkinsu. Har gobe akwai unguwar Zango a Agege, ga kuma babbar mayanka ta Oko-Oba inda mahauta da dillalan shanu ke hada-hada.

Wannan tarihi yana da amfani ga matafiyin yau. Jiragen Ibadan ba su da yawa a yini, galibi da safe ne da yamma, alhali jiragen sama da yawa daga Turai da ƙasashen Larabawa da yamma ko da dare suke sauka. Wanda ya sauka bayan jirgin ƙarshe ya tashi yana da zaɓi biyu: ya kama babbar hanyar Legas zuwa Ibadan cikin dare, wadda aka sani da cunkoso da haɗurran manyan motoci, ko ya kwana. Idan kwana ne, Bahaushe ba ya rasa wanda zai yi magana da shi a Agege, ba ya rasa masallaci, ba ya rasa tuwo, kuma da asuba tasha tana kusa.

Abin da ya kamata a shirya

Tun daga ƙarshen 2023 ana sayar da tikitin wannan layi ta intanet, da sunan mai tafiya da lambar kujerarsa, don haka a riƙe katin shaida a hannu. Taragun hawa uku ne, daga na gama-gari zuwa na alfarma, kowanne da kuɗinsa. A duba jadawalin ranar da za a yi tafiya, domin yakan sauya, kuma a tabbatar an zaɓi Agege a matsayin tashar hawa. A bar tazara mai faɗi tsakanin saukar jirgin sama da tashin jirgin ƙasa. Duba fasfo, jiran kaya da binciken kwastan suna cin lokaci, cunkoson Legas kuma ba shi da alƙawari. A Agege jirgin mintoci kaɗan yake tsayawa. Masu iya magana sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri.

Haka kuma isa Moniya ba isa cikin Ibadan ba ne. Tashar tana bayan gari ne ta arewa, a ƙaramar hukumar Akinyele. Mai zuwa Sabo, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916 kusa da Mokola, sai ya sake shiga mota ta Ojoo. Mai niyyar wucewa Arewa kuwa ya sani cewa sabon layin a Ibadan ya tsaya. Faɗinsa milimita 1,435 ne, tsohon layin Turawa mai zuwa Kano kuwa milimita 1,067, saboda haka jirgin wannan ba ya hawa kan wancan.

Idan muka kwatanta da Abuja za mu ga bambanci. A can akwai tashar jirgin cikin gari a filin jirgin Nnamdi Azikiwe, wanda aka buɗe a 2018 aka kuma farfaɗo da shi a 2024. Yana kai mutum Idu, inda ake hawa jirgin Rigasa ta Kaduna. Wannan ita ce irin mahaɗar da Legas ke buƙata.

Abin da ɗalibin harshe zai tsinta

Kalmar jirgi asalinta abin hawan ruwa ne. Da sababbin abubuwa suka zo, Bahaushe bai yi aro ba, sai ya faɗaɗa ma'ana: jirgin ruwa, jirgin ƙasa, jirgin sama. A wasu wuraren kuwa aro ya yi daga Ingilishi ya gyara lafazi, kamar tasha, tikiti, reluwe da fasinja. Layin dogo kuma haɗi ne na kalmar aro da ta gida. Sunayen garuruwa ma ba su tsira ba: Eko ta zama Ikko, Ibadan ta zama Badun a bakin fatake, ƙasar gaba ɗaya kuma Kurmi. Kalmar zango, wadda a da take nufin masaukin ayari na kwana ɗaya ko biyu, a Kudu ta koma sunan unguwar zama ta dindindin. Hausar 'ya'yan Agege, waɗanda suka tashi da Yarbanci da Burokin a kunnensu, fage ne na bincike ga mai neman abin da zai rubuta kundin digiri a kai.

Kammalawa

A taƙaice, mai son zuwa Ibadan daga filin jirgin Ikeja ya riƙe abubuwa uku: babu tasha a cikin filin, Agege ce mahaɗa mafi kusa ta fuskar da aka nufa, kuma Jan Layi daban, jirgin Ibadan daban. Muna fata hukumomi za su cike wannan ɗan giɓi na 'yan kilomitoci, su kuma ƙarasa layin har Kano. Kafin nan, wanda ya sayi tikiti da wuri ya kuma fita da wuri, ya rage wa kansa wahala. Allah ya sa a sauka lafiya.