Man Shafawa da Ciwon Gaɓoɓi a Ƙasar Kurfey

A ƙasar Kurfey, daga Filinge har ƙauyukan da ke bin kwarin Dallol Bosso, aikin yau da kullum gaɓoɓi yake ci: noman gero, daka, jan guga, bin shanu a ƙafa. Idan gwiwa ko kafaɗa ta kama ciwo, abin da ya fi kusa da hannu shi ne tiren mai tallar magani, inda ake sayar da ƙwayoyin diclofenac da ibuprofen, har da tramol, ɗai-ɗai babu kwali. Alhali ga irin wannan ƙaramin ciwo shafawa ta fi haɗiya, muddin an san abin da ake shafawa.

Ƙwayar da aka haɗiya sai ta zaga jini gaba ɗaya kafin kaɗan daga cikinta ya isa gwiwa, kuma a hanya tana taɓa ciki da ƙoda. Wanda ya sha ta cikinsa babu abinci, ya yini yana zufa a rana, shi ne gyambon ciki da ciwon ƙoda suka fi saurin kamawa. Man diclofenac kuwa yana ratsa fata ya zauna inda ciwon yake, abin da ke shiga jini bai wuce kimanin kashi 6 cikin 100 na abin da ƙwaya ke kaiwa ba. A 2015 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje kan targaɗe da ciwon tsoka, ta gano cewa mutum 7 ko 8 cikin 10 da suka shafa shi sun sami sauƙi sosai cikin mako guda, yayin da 2 ko 3 kawai suka samu da man da babu magani a ciki.

Wani zai ce ai shi bai yarda da man da ba ya zafi ba. Nan ne kuskuren yake. Man zafi irin su Robb da Aboniki mentol da makamantansa ke cikinsu, aikinsu kuma su tayar da jijiyoyin fata da sanyi da raɗaɗi har mutum ya shagala daga ciwon. Wannan sauƙi ne na gaske, tausar da ake haɗawa da shi ma tana da nata amfani, amma kumburin na nan. Zafin da ya yi yawa ma ƙuna yake yi: a 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka. Don haka ba a ɗaure wurin tamau, ba a gasa shi da ruwan zafi bayan an shafa.

Ƙorafin tsada ya fi ƙarfi, domin man farmasi ya fi ƙwayar tire kuɗi nesa ba kusa ba. Sai dai kwana ɗaya a gadon asibiti da jini na zuba a ciki ya fi shi tsada, balle a ce an tura mutum Yamai, tafiyar kusan kilomita 180.

Man yana da iyaka. Gwiwa da yatsu da idon sawu suna kusa da fata, ƙugu kuwa yana can ƙarƙashin nama, da wuya man ya kai shi. Ba a shafa shi a kan rauni, mai ciki kuma ta guje wa diclofenac, musamman a watanni 3 na ƙarshe. Gaɓar da ta kumbura tare da zazzaɓi, da ƙafar da ta kasa taka ƙasa, da ciwon ƙashin yaro mai sikila, duk na asibitin Filinge ne tun ranar farko. Haka ma ciwon da ya wuce mako guda ana shafawa bai lafa ba.