Robar Kare Haƙori: Kafin Ki Saya Wa Yaronki, Duba Kaurinta

Wata ranar Asabar ina bakin aiki aka kawo wani yaro ɗan shekara 12, jini ya jiƙa masa riga. Gwiwar hannun abokinsa ce ta same shi a wajen ƙwallo, haƙoransa biyu na gaba suka karye. Mahaifiyarsa ta tambaye ni ko za su sake tsirowa. Na ce mata a'a, haƙorin da ya fito bayan famfara ba shi da magaji.

Uwargida, idan ɗanki yana ƙwallo, dambe ko takwando, ki san robar kare haƙori. Yawancinta ana yin ta da wani nau'in roba da ake kira EVA. Idan naushi ya sauka, robar tana ɗan lotsawa ta shanye wani ɓangare na ƙarfinsa, sauran kuma ta rarraba shi kan haƙora da yawa, maimakon ya taru a kan guda ɗaya. Haƙoran gaba na sama su ne suka fi shan wahala, shi ya sa a sama ake sa ta.

Sirrin yana ga kauri. Likitocin haƙori suna son ta kai milimita 3 zuwa 4 a wajen haƙoran gaba. Siririya ba ta tare komai, mai kauri fiye da kima kuma tana hana magana da numfashi, sai yaro ya tofar.

Iri uku ne. Ta kanti da ake sawa yadda take ba ta zama daram a baki. Wadda ake tsomawa a ruwan zafi a ciza ta fi ta, amma cizo da ƙarfi yana sirantar da ita daidai inda ake buƙatar kauri. Wadda likitan haƙori ya auna wa yaro ita ce gaba, duk da tsadarta.

Zafi yana lanƙwasa ta, don haka kada a bar ta cikin mota da rana. A wanke da ruwan sanyi, a sauya idan ta tsage ko bakin yaro ya girma.

Idan kuma haƙorin dindindin ya fita ɗungurungum, kada a taɓa saiwarsa. A saka shi cikin madara, a garzaya wurin likitan haƙori kafin awa guda ta cika.