Tsohon Wasa a Sabuwar Waya: Wane Zamani Ake Nuna wa Matasan Ƙaraye da Rogo?

Ƙasar Rogo ta yi iyaka da ƙasar Maƙarfi, garin Malam Shu'aibu Maƙarfi, wanda ya rubuta Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960. Duk da wannan maƙwabtaka, yaron da ke sakandare a Rogo ko Ƙaraye a yau ya fi sanin jaruman Labarina da Izzar So da na finafinan Indiya masu fassarar Hausa fiye da Jatau da Kyallu. In ma ya taɓa jin sunansu, to a bakin malamin Hausa ya ji, ana shirin jarrabawa. Ganin haka ne ya sa ake yawan jin kira, daga malamai da marubuta da wasu 'yan fim, cewa a ɗauko tsofaffin wasannin kwaikwayo a yi musu kwaskwarima, a mai da su fim irin wanda matasa za su zauna su kalla. Kiran yana kan hanya. Abin da ya kamata a tsaya a auna shi ne irin zamanin da ake shirin sanya wa waɗannan wasanni, domin yadda masana'antar fim ta Kano ta saba aiki, zamanantar da labari yana nufin kwashe shi daga inda talaka yake zaune a kai shi gidan bene. Idan haka za a yi wa wasannin, yaron Rogo zai same su a wayarsa, amma ba zai ga kansa a cikinsu ba, kuma ganin kan nan shi ne dalilin rubuta su tun farko.

Mai da rubutun Hausa fim ba yau aka fara ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1934, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo a 1975, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Gidan talabijin na NTA Kaduna ya yi Magana Jari Ce, inda marigayi Ƙasimu Yero ya yi suna, sannan Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos ta ɗauki Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina ta yi fim a farkon shekarun 1990 a ƙarƙashin Brendan Shehu. Mafi yawan waɗannan ayyuka kuɗin hukuma ne ya yi su, kuma manufarsu adana gado ce, ba neman kasuwar samari ba. Da fim ɗin bidiyo ya kunno kai a Kano da Turmin Danya a 1990, sai akala ta juya. Masu shirya fim suka koma ga littattafan soyayya na lokacin, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, suka kuma koma ga finafinan Indiya, har Sangaya ta zo a 1999 ta tabbatar da cewa waƙa da rawa su ke sayar da kaset. Tun daga nan tsofaffin wasannin suka zama kayan aji kawai.

Abin da ya sake ta da maganar a yanzu kasuwa ce. Cinikin faifai da ya riƙe masana'antar a Ƙofar Wambai ya durƙushe, aka koma fim mai dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014. Fim mai fita kowane mako cin labari yake yi kamar wutar daji, marubutan kuwa ba su da yawa, shi ya sa ake ta juya labari ɗaya: ɗan mai kuɗi, 'yar talaka, uwa mai hana aure. Ko manyan masana'antar sun fara waiwaye, kamar yadda Ali Nuhu ya sake yin Mujadala da sababbin fuskoki bayan kusan shekara ashirin da fitowar ta farko. A ɗaya ɓangaren, littattafan wasannin sun yi wuyar samu a wajen manyan birane, karatun nishaɗi ya koma waya, kuma mai kallon yanzu yaro ne. A garuruwa irin su Ƙaraye da Rogo ba sinima ake zuwa ba. Shagon caji ake zuwa, inda wayoyi suke jere a kan katako kowace da lambarta, janareta na ruri a baya, mai shago yana gaban kwamfuta yana tura wa yara finafinan mako a memori a kan kuɗi kaɗan. Wanda ya karɓa ya tura wa abokansa, da dare a haɗa kai mutum huɗu ko biyar a kan waya ɗaya. Duk wasan da bai shiga wannan kwamfuta ba, a wurin waɗannan yara babu shi.

Wasu al'ummomi sun riga mu bin wannan hanya, kuma abin da suka yi yana da amfani a duba. A Amurka an ɗauki wasannin Shakespeare an kai su cikin matasan zamani: Romeo + Juliet a 1996, da She's the Man a 2006, wanda aka gina a kan wasan da Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara mana da sunan Daren Sha Biyu. A Indiya Vishal Bhardwaj ya ɗauki Othello ya yi Omkara a 2006, bai kai shi unguwar masu kuɗi ta Mumbai ba, ya dasa shi a karkarar Uttar Pradesh da karin harshen mutanen wurin. A ƙasar Yarbawa Tunde Kelani ya yi Koseegbe daga wasan Akinwumi Isola, da Yarbanci tsantsa. Waɗanda suka yi ƙarko a cikinsu sun sauya tufafi da wuri da kayan aiki, suka bar rikicin da ke tsakiyar labarin yadda yake. Waɗanda suka cire rikicin suka bar soyayya da kyawun fuska, an kalle su shekara guda an manta.

Masu adawa da taɓa wasannin suna cewa gado ne, in aka sa wa Jatau wayar hannu an ɓata shi. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin wasannin nan su kansu 'ya'yan sabon zamani ne a lokacinsu. Shu'aibu Maƙarfi don rediyo ya fara rubuta nasa, rediyo kuwa a wancan lokaci ita ce sabuwar na'urar da dattawa ke yi wa kallon tsoro, kuma abin da ya dame shi shi ne yadda kuɗi da birni da boko suke sauya tarbiyyar gida. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya fito a 1949, don a koyar da tsabta da kiwon lafiya aka yi shi. Ba a rubuta wasan kwaikwayo don a ajiye a kanta ba, an rubuta shi ne don mutane su tsaya su yi shi a gaban mutanen zamaninsu. Dubi Kulɓa Na Ɓarna, labarin ɗalibar da mai kuɗi ya ruɗa da abin duniya har rayuwarta ta lalace. Babu abin da ya tsufa a cikinsa sai hanyar isar da saƙo. A da sai an aiki yaro ko an tsaya da mota a bakin makaranta, yau lambar waya ta isa, kyautar kuma ta shigo ta asusun banki ba tare da kowa a gidan ya gani ba. Wanda ya sa waya a hannun wannan yarinya bai ci amanar marubucin ba, ya ƙara wa gargaɗinsa kaifi ne.

Haɗarin yana wani wuri dabam. A idon yawancin masu shirya fim, zamani yana zaune ne a Nasarawa GRA ko Abuja: falo mai kujerun alfarma, mota mai baƙin gilashi, saurayi mai kamfani wanda ba a taɓa ganin yana aiki ba. Ƙauye kuwa ba ya fitowa sai a finafinan barkwanci, inda baƙauye yake zama abin dariya, ko a labarin sarakunan da, inda ake sa wa mutane warki. To amma yaron Ƙaraye a wannan zamani yake rayuwa, ba a wani ba. Yana noman rani da injin ban ruwa a gefen madatsar Challawa da aka gama a 1992, yana kamun kifi, yana kabu-kabu da babur, yana zaman shagon POS, yana bin farashin taki da na masara a waya, wani kuma yana tafiya ci-rani Legas ko Abuja ya dawo da damina. Wannan rayuwa cike take da irin rikicin da tsofaffin wasannin suka ginu a kai. Uwar Gulma na Mohammed Sada, wanda ya fito a 1968, labarin miji ne da ya ƙi riƙe gidansa, yana yawon banza matarsa na zaune da yunwa, har magana ta kai ga iyaye da alƙali. Nauyin wasan yana kan kuɗin cefane da kwanon da ba a ɗora ba. In aka kai shi gidan da firji yake cike, mai aiki na kai da kawowa, yunwar ta fita, saura kishi da ƙorafin rashin kulawa, wato ya koma irin finafinan da ake da su rututu. Haka Jatau: faɗuwarsa tana da ciwo ne domin mai kallo ya san yadda ake tara dukiyar fatauci da guminta. Illar wannan kwaskwarima biyu ce. Wasan ya rasa abin da ya sa ya zama wasa, yaron kuma ya ƙara koyon darasin da allon waya ke koya masa kullum, cewa rayuwar da ta isa a ba da labarinta ba a garinsu take ba.

Harshe ma haka. Darajar waɗannan wasanni tana cikin zance: habaicin kishiyoyi, zaurancen 'yan duniya, yadda dattijo ke kewaye magana kafin ya faɗe ta, yadda mai ƙara ke tsara bayani a gaban alƙali. Ana cewa matasa ba sa gane irin wannan Hausa, sai an sirka da Ingausa. Wataƙila hakan gaskiya ne ga wasu 'ya'yan makarantun kuɗi a birni, amma yaron da ya tashi a Zarewa ko Fulatan da wannan Hausa kakarsa take yi masa faɗa. Abin da za a yarda da shi shi ne cewa jawabin da ya yi daɗi a rediyo zai iya yin tsawo a fim, dole a rage, a bar kyamara ta faɗi wani abu. Rage tsawo dabam, zubar da gishirin zance dabam.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu zuba kuɗi. Suna cewa gidan bene shi ke kawo masu kallo, masu kallo su ke kawo talla, kuma kwasar ma'aikata da kayan ɗauka zuwa ƙauye tsada ne, ga rashin wuta, ga wahalar masauki. Batun tsada gaskiya ne, ba a musa shi ba. Amma cewa matasa ba sa kallon rayuwar talaka, shirin Daɗin Kowa ya ƙaryata shi: tun 2015 ake nuna shi, a cikin lunguna da gidajen ƙasa da shagunan tireda, kuma ya shiga bakin yara da manya. Labarin da za a ɗauka ma ba sai an je nesa ba. Baba, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, a Karo kusa da Zarewa ta tashi, kuma abin da ta faɗa game da aure da kishi da ƙawance da harin masu kama bayi ya isa fim mai zango da yawa. Turawa suna karanta littafin a jami'o'insu fiye da shekara sittin, jikokin maƙwabtanta kuwa da yawa ba su san da shi ba.

Akwai wurin da ya kamata mai sabunta wasa ya yi ƙarfin hali ya saɓa wa marubucin. Maza ne suka rubuta kusan dukkan waɗannan wasanni, kuma sau da yawa mace ce ke ɗaukar laifi ko hukunci mafi tsanani. Yarinyar da za ta kalli Jatau Na Kyallu a yau tana da haƙƙin ta ga yadda Kyallu ta zama abin da ta zama, da kuma rabon Jatau na laifin rushe gidansa, tunda ba ɗaure shi aka yi ba. Wannan ita ce sabuntawa ta gaske, kuma ta fi sauya mota wuya. Irin wannan sabuntawa za ta kuma haɗu da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, wadda a watan Mayun 2025 ta dakatar da finafinai 22 masu dogon zango saboda rashin kai su tacewa. Wasan da ke magana a kan karuwanci da caca da cikin shege ba zai wuce ba sai an yi zama, kuma ya kamata hukumar ta tuna cewa littattafan nan an daɗe ana karantar da su a makarantun gwamnati.

Saura batun haƙƙin mallaka, wanda shi ne ke sa furodusa ya gwammace ya kwaikwayi fim ɗin Indiya da ba mai tuhumarsa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare rubutu har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, don haka ko Shaihu Umar, da marubucinsa ya rasu a 1966, bai fita daga kariya ba tukuna. Yawancin wasannin kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ne ya buga su, kuma sai an nemi izininsa da na magada. Aiki ne da sassan Hausa da na wasan kwaikwayo a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello za su iya sauƙaƙawa, su haɗa magada da mawallafa da masu shirya fim a kan yarjejeniya mai sauƙin kuɗi, da sharaɗin cewa malamin da ya san wasan zai zauna tare da mai rubuta fim ɗin tun daga shafin farko.