Yadda A Ke Ƙara Wa Tsokar Ciki Ƙarfi

Ku yaran Likoro, kun sha ganin manoma suna ɗaukar damin rake daga fadama. Mutum ya sunkuya, ya cicciɓa, ya aza a ka. Kada ku zaci ƙarfin damtse kaɗai ke yin wannan aiki. Akwai tsoka shimfiɗe a gaban ciki da gefensa, ta kewaye mutum kamar ɗamara. Ita ke tsare hanji, ita ke taimakon gadon baya. Kadan ta yi rauni, sai baya ya riƙa ciwo.

Tsoka tana da wata al'ada. In ta saba da aiki, ba ta ƙara ƙarfi sai an ƙara mata nauyi. Mutanen dā ma sun san haka. Wajen shekara 2,500 da suka wuce, an yi wani ɗan kokawa Bagirke, sunansa Milo, a birnin Kroton, cikin ƙasar da a ke kira Italiya yanzu. An ce kullum ya kan saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa. Maraƙi na girma, ƙarfinsa na ƙaruwa, har ran nan ya saɓa bijimi.

To, ga yadda za ku yi. Ka kwanta rigingine bisa tabarma, ka lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa na ƙasa. Ka ɗora hannuwa a ƙirji. Sa'an nan ka ɗaga kai da kafaɗu sannu, kana fitar da numfashi, ka koma. Sai ran da ka iya yi sau 15 ba wahala, kāna ka rungume ɗan ƙunshin yashi a ƙirji, wanda bai fi nauyin mangwaro biyu ba. In ka saba da shi, ka ƙara yashi kaɗan.

Amma ku yi hattara. Kada ku ɗora nauyi a wuya ko a ƙeya. Kada ku riƙe numfashi. Kada ku yi da ƙoshi, ko kuwa ba malami kusa. Wanda ya ji zafi, ya bari nan da nan. In kun yi yau, ku huta gobe, gama lokacin hutu ne tsoka ke ginuwa.

Yaron da ya yi garaje don a yabe shi, jinya zai yi, 'yan'uwansa na wasa. Da rarrafe yaro kan tashi.