Daga Nima zuwa ƙetare: ina ake buƙatar fasfo, ina kati ya isa?

A tashar motoci ta Tudu da ke Accra, kullum ana lodin fasinjoji zuwa Aflao, bakin iyakar Togo. Da yawansu mazauna Nima da Maamobi ne, kuma tambayarsu ɗaya ce: wace takarda zan riƙe? Amsar ta dogara ga abu biyu, ƙasar da mutum yake ɗanta da kuma inda ya nufa.

A cikin Ghana, ɗan ƙasa ba ya buƙatar fasfo. Mai hawa jirgi daga Accra zuwa Kumasi ko Tamale, Ghana Card ya ishe shi. Baƙo kuwa gara ya riƙe fasfonsa, domin jami'an shige da fice kan tsayar da motoci a hanya, musamman kusa da iyakoki. Baƙon da zamansa ya kai kwana 90 doka ta ce ya yanki katin baƙi a hukumar NIA, wadda ke bayar da Ghana Card.

Tsakanin ƙasashen ECOWAS, wato CEDEAO, yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ba biza har kwana 90. Sai dai yafe biza bai yafe takarda ba. Dole a nuna fasfo, ko takardar tafiya ta ECOWAS, ko katin ɗan ƙasa na zamani mai tambarin ƙungiyar, tare da katin rigakafin cutar shawara. Wanda zai zarce kwana 90 sai ya nemi izinin zama.

Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, suka fito da fasfon ƙawancensu na AES. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katunan 'yan ƙasashen uku masu tambarinta, kuma su riƙa shiga ba biza, har sai an yanke wata shawara. Tunda tsarin na wucin gadi ne, mai bi ta Paga zuwa Burkina ko Nijar ya fi samun kwanciyar hankali da fasfo a aljihu.

Tafiya wajen yankin, kamar Hajji ko Umara ko fatauci zuwa Dubai, sai da fasfo, kuma Saudiyya na so ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Ghana Card na iya dawo da ɗan ƙasa gida, amma ba ya kai shi Jidda.

Inda gizo ke saƙar a zango shi ne shaidar zama ɗan ƙasa. Haihuwa a Nima kaɗai ba ta mai da mutum ɗan Ghana ba. Tsarin mulkin 1992 ya ɗora abin a kan asali: uwa ko uba ko ɗaya daga cikin kakanni ya kasance ɗan ƙasa. Dattawa ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardar zama. Don haka a yi wa yaro takardar haihuwa da wuri, a adana tsofaffin takardun iyaye, kuma a tabbatar suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a kowace takarda kafin a nemi fasfo.